Nonon Inna Tasalla

Inna Tasalla ta iso Illela da hantsi, hadari na haɗowa ta gabas. Ta sauko daga bayan babur tana dafe da ƙugu, tana yi wa ɗan kabu-kabu faɗa a kan ramukan hanyar Ƙwanni kamar shi ya haƙa su. A kanta ƙullin cuku ne da turaren wuta, gudummawar bikin 'yarta.

Duk gidan Malam Isa ba wanda ya kai Latifa murna. Mahaifiyarta ta rasu ta bar ta cikin tsumma, Tasalla kuwa ƙanwar marigayiyar ce, ita ta karɓe ta ta shayar da ita har yaye, kafin mijinta ya kwashe ta da 'ya'yanta zuwa wani ƙauye can gaba da Tawa. Rufe iyaka da aka yi ya hana ta zuwa baiko, ya hana ta zuwa karɓar lefe. Yanzu ɗaurin aure ya rage Juma'a mai zuwa, ta ce ko a ƙafa ne sai ta zo.

Auren nan kuwa ba da sauƙi aka same shi ba.

Jabir malamin Turanci ne a sakandare, da yamma kuma yana koyar da samarin Ƙwanni masu son su iya ciniki da baƙin da ke zuwa daga kudu. Ita Latifa fiƙihu take koya wa matan aure a Islamiyyar mahaifinta Malam Isa. Tun farkon zancensu suka ƙirƙiro wani wasa da ya zame musu kamar sallama: duk zuwan da zai yi, sai ya kawo mata karin magana ɗaya ta Bature, ya juya mata ita da Hausa kalma-kalma, ita kuma ta nemo tamu da ta yi daidai da ita. Ranar farko ya ce in ruwa ya kece, Bature cewa yake ana ruwan kyanwowi da karnuka. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mu dai kamar da bakin ƙwarya muka sani. Ya ce tsuntsu ɗaya a hannu ya fi biyu a daji, ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Bai taɓa ƙure ta ba, kuma abin na yi masa daɗi fiye da a ce ya ci.

Wasan nan ne ya so ya ja musu. Wata rana Malam zai wuce masallaci ya ji Jabir na bayanin cewa in mutum ya mutu, Bature kan ce ya shuri bokiti. Malam ya tsaya cak. Ya ce wanda yake ci da harshen da ke yi wa mutuwa ba'a da bokiti ba zai zama surukinsa ba. Dama dangi sun fi son Sufyanu, ɗan ƙanin Malam, ɗan canji a bakin iyaka, wanda in ya zauna sefa da naira sai sun hana aljihunsa rufuwa. Latifa ba ta yi wa kowa rashin kunya ba. Ta dai ce ba ta so, ta rame, ta yi shiru.

Jabir kuma ya ɗauko buzunsa ya koma sahun baya na ɗaliban Malam, ya zauna damina biyu yana ɗaukar karatu ba tare da ya ƙara tayar da maganar ba. Ruwa da haƙuri kan huda dutse. Malam ya sauko, har ya kai in ya tarar da su a dakalin ƙofar gida yakan rage tafiya ya tambaya, yana ɓoye murmushi a gemu, yau kuma me Bature ya ce.

To wannan ne auren da Inna Tasalla ta zo wa.

Bayan azahar ruwa ya sauko. Matan gida kowa ta shige ɗakinta, aka bar uwa da 'ya a ɗakin Latifa, akwatunan lefe a buɗe a gabansu. Inna ta ɗaga wannan atamfa ta sa albarka, ta ɗaga wancan leshi ta taɓe baki ta ce na Tawa ya fi shi kauri. Can ta ce ita fa ta gaji da ganin zannuwa, a nuna mata mai zannuwan.

Latifa ta rufe fuska da gefen mayafi, ta miƙa mata waya. Inna ta kai hoton nesa, ta dawo da shi kusa.

"Wanga goshi na san shi. Ɗan wa na?"

Latifa ta ce ɗan Amarawa ne, iyayensa duk sun rasu, sunan mahaifiyarsa Baraka.

"Baraka mai ƙosai? Ta gindin tsamiya?"

Da Latifa ta gyaɗa kai, sai Inna ta ajiye wayar a cinya ta tafa hannu, ta rangaɗa guɗar da rugugin ruwa a kan kwano ya haɗiye. Ta ce ikon Allah sai kallo. Ai a aurenta na fari a Amarawa katanga ɗaya ta raba ta da Baraka. Baraka ta haihu ba da jimawa ba ciwon nono ya kama ta, yaro ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, ba madarar gwangwani, ba akuya mai shayarwa a gidan. Ita kuma tana goyon Hamidunta.

"Ni nib ba shi nono har Baraka tas samu sauƙi. Acici na, in yak kama ba ya saki." Ta kamo hannun Latifa tana dariya, idonta ya kawo ruwan farin ciki. "Kin gani, ɗiyata? Ku biyu dut nonona kunka sha. Wanga aure tun sama anka ɗaura shi."

Latifa ta zare hannunta daga riƙon Inna. Babin shayarwa ba baƙonta ba ne. Ita da bakinta ta sha karanta wa matan aure shi, tana gargaɗinsu kada su riƙa miƙa wa jariran maƙwabta nono don tausayi su manta, domin abin da jini ya haramta nono ma ya haramta shi.

Ta ce a hankali, "Inna, ki ce mani wasa kike."

Inna ta dube ta, dariyar ta fara gudu daga fuskarta. Ta ce wane irin wasa kuma, abin alheri? Da ta fahimci inda tunanin Latifa ya dosa, sai ta saki ajiyar zuciya, ta ce haba, ita ma ai ta san wannan. Waɗanda suka sha goyo ɗaya su ne 'yan'uwa. Shi Jabir nonon Hamidu ya sha, Latifa kuwa na ƙanwarsa Hindatu ta sha, tsakaninsu shekaru, mazan ma ba ɗaya ba. Haka ta taso ta ji manya na faɗa.

Latifa ta so ƙwarai a ce haka ne. Da ana sayen jahilci a kasuwar Illela, ranar da ta sayar da lefen nan kaf ta saya. Amma ta buɗe baki ta faɗa wa Inna abin da ta sani: nono ba na Hamidu ba ne, ba na Hindatu ba ne, na uwa ne. Duk wanda ya sha shi yana jinjiri ya zama ɗanta, ko da shekara nawa ce tsakani. Jabir ɗan Inna ne. Ita ma 'yar Inna ce.

Inna Tasalla ta kai tafin hannu ta dafe bakinta, kamar za ta mayar da abin da ya fita. Sai ta zamo daga bakin gado ta zauna a ƙasa tsakanin akwatuna, ta fashe da kuka irin na tsofaffi, mara sauti.

"Bakina ya cuce ni. Na ƙetaro ƙasa guda don in kashe maki aure." Ta kama ƙafar Latifa. "Ba wanda yaj ji. Baraka ta tahi, mijinta ya tahi, ruwan ga ma ya ruha muna asiri. Ni tsohuwa ta, gobe in ce ban tuna ba. A bar kaza cikin gashinta, ɗiyata, don Allah."

Latifa ta tashe ta, ta share mata ido, ta rurrufe akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka zuciyar 'yar malam ba ta jin raɗa. Ta ji, kuma da kyau. Ilmin da ya yanke ta shi ya dawo yana miƙo mata igiya: ai shaidar mace ɗaya ba ta isa alƙali ya raba aure. Ai Inna ta tsufa, tana iya haɗa wannan yaro da wancan. Ai Amarawa ba Baraka ɗaya ba ce. Ta yi sallar la'asar ta kasa tuna surar da ta karanta. Tana son Jabir son da ba ta taɓa faɗa wa kowa girmansa ba, har shi kansa.

Ruwa na ɗaukewa aka ce Jabir na sallama.

Ta same shi a dakali ƙarƙashin bedi, ya naɗe ƙafar wando saboda caɓi, babur ɗinsa na ɗigar ruwa. Fuskarsa fal annuri. Tun kafin ta zauna ya fara ba ta labarin gidan da ya kama, an gama fenti, mai labule ya yi alkawarin jibi. Ya ce yau tasa mai sauƙi ce: in murna ta yi wa Bature yawa, cewa yake ya haye saman wata. Ya jingina yana jiran ta ce kamar ya zuba ruwa ƙasa ya sha, don ya san ta san ta.

Ta zauna a gefen dakalin tana kallon caɓi.

Ya leƙa fuskarta. Ya ce yau dai an ƙure gwana? Ko sai ya biya tukuici? Ya taɓa yi mata tsiya cewa duk ƙawayenta Yaya suke kiran samarinsu, ita ta nace wa Malam Jabir kamar ɗalibarsa, ta ce masa ita ba ta wasa da wannan suna, don yaya ba ya auren ƙanwa. Yanzu ma ya so ya tayar da tsiyar, sai ya ga hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Ta faɗa masa. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta san in ta tsaya neman kalma mai laushi ba za ta iya ba.

Jabir ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa sunan Sufyanu ne. Ya ce wannan ƙulli ne, an ga an kasa ta gaba an biyo ta baya. Wa bai san Sufyanu na da abokan canji har Tawa ba? Tsohuwa talaka, a damƙa mata 'yan sefa, me ba za ta tuna ba?

"Da ka ga yadda tay yi guɗa, da ba ka ce haka ba," in ji Latifa. "Murna take, Malam Jabir. Ta ɗauka albishir ta kawo man."

Ya ce to ta rikice, tsufa ne.

Latifa ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba. "In tambaye ka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Mahaihiyarka ta taɓa yi maka zancen ciwon nono?"

Ya buɗe baki. Ya rufe.

A kan hanya babura na wucewa da jarkoki zuwa bakin iyaka, suna watsa ruwan caɓi. Jabir ya bi su da kallo har suka ɓace. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce. Ya ce duk Sallah mahaifiyarsa takan ware ƙosai ta yi sadaka, ta ce ladan na wata baiwar Allah ne da ta cece shi yana jinjiri, wadda ta yi aure Faransa, wato can ƙetaren iyaka. Bai taɓa tambayar sunanta ba. Yaro ne, ƙosan yake kallo.

Daga nan sai kukan ya koma nasu su biyu. Namiji ne, ya juya fuska ga jikin bedi, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Ya juyo ya fara roƙo. Ya tuna mata daminun da ya yi a kan buzu, da dariyar da abokan aikinsa suka yi masa, da ramar da ta yi. Ya ce shi ma ya zauna gaban Malam, ya san mace ɗaya ba ta cika shaida. Ya ce ba su suka yi laifi ba, suna cikin zanen goyo aka yi abin, Allah kuwa ba ya kama jinjiri.

"Bature na da wata," ya ce, yana ƙoƙarin murmushin da ya ƙi zama. "Shina cewa, karen da ke barci a bar shi ya yi barcinai. Ke kin san tamu."

"Inna ta riga ka hwaɗinta."

"To mu uku munka sani. Mu uku, Latifa."

"Da Allah huɗu." Ta goge hawaye da bakin mayafi, wasu suka maye gurbinsu. "Ka ce mace ɗaya ba ta cika shaida. Gaban alƙali ke nan. Ni gabana, shirun da kay yi ɗazu ya cika ta. Karen shi yi ta barci, ni ce ba ni ƙara barci. In haihu, in ɗauki ɗan in ba shi nono, in tuna? In shiga aji in buɗe babin ga, in dubi matan mutane in ce masu mi?"

Ya ce to ita ba ta son sa ke nan kamar yadda yake son ta.

Wannan ta soke ta fiye da komai. Ta ce masa da ba ta son sa, da tuni tana gidan Sufyanu tana shan sanyin fanka. Ta ce tun da Inna ta yi maganar take neman ƙofar da za ta bi ta tsira da shi, ta ƙwanƙwasa duk wadda ta sani, kowacce ta tarar da shi tsaye a bayanta yana ɗan'uwanta. Ta ce ba ta san yadda ake cire irin wannan so a mayar da shi wani iri ba, kuma ba ta jin za ta iya nan kusa.

Ya tambaye ta, in an fasa, Sufyanu za ta aura? Ta ce ba ta kai nan ba. Ita yanzu Juma'a kawai take gani, da goron da aka riga aka raba.

Suna cikin haka suka ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Malam Isa ne ya taso daga karatun la'asar, yana takawa a hankali yana kauce wa kududdufai. Idonsa ya yi rauni, bai ga jan idanunsu ba. Ya ga dai farar rigar Jabir, fuskarsa ta washe.

Jabir ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya amsa da sakin fuskar da ya daɗe yana yi masa rowarta, ya ce ya aika wa liman, ya kuma gaya wa danginsu na Tozai su zo da wuri. Har ya ɗaga ƙafa zai shiga zaure, sai ya tsaya, ya gyara riƙon sanda.

"To ango, yau mi Bature yac ce?"

Latifa ta sunkuyar da kai. A nan ne komai yake. In Jabir ya kawo ta hawa saman wata ya yi dariya, Malam zai shige gida, kuma ba ta da tabbacin za ta sami ƙarfin bin bayansa ita kaɗai.

Jabir ya amsa a durƙushe, idonsa a ƙasa.

"Allah shi gafarta Malam, cewa yay yi, ba a kuka kan madarar da ta riga ta zube."

Malam ya jinjina kai, ya ce wannan kam Bature ya yi hankali, ba kamar ta bokiti ba. Ya juya wajen 'yarsa da alfaharin uban da ya san ba a kayar masa da ita, ya ce to ta kawo tamu.

Tana da ita. Bakin alƙalami ya bushe, ga ta nan a kan harshenta. Ta kasa furtawa, don ta gane abin da Jabir ya yi: ya sakar mata, a gaban mahaifinta, da harshen wasansu.

Ta miƙe tsaye, ta kama jikin bedi.

"Baba, yau an ƙure ni." Ta dubi ƙofar zaure. "Ka dakata zaure, akwai maganar da za ka ji. Bari in kira Inna Tasalla."

Malam ya dubi wannan, ya dubi wancan, murmushin na janyewa daga gemunsa.

Latifa ta taka zuwa bakin ƙofa. Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Yaya Jabir," ta ce, "ka kama wa Baba hannu, dakalin na da santsi."